Malam Abdullahi na Gwandu, Malamin Alƙalai da Mahukunta

Idan ana zancen shari'a da alƙalanci a ƙasar Hausa, da wuya a yi nisa ba a ambaci Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ba, watau ƙanen Shehu Usmanu Mujaddadi, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu. Mutanen Birnin Kebbi sun san shi a kan cewa shi ne kakan sarakunan Gwandu. Mutanen Argungu kuwa sun san shi a kan cewa shi ne ya ci birnin kakanninsu da yaƙi. Kowane ɓangare da gaskiyarsa. Amma abin da ya fi daɗewa yana aiki a bayansa shi ne littattafan da ya rubuta domin alƙalai da masu riƙe da mulki, waɗanda har yanzu ake karantawa a zaurukan malamai da kuma jami'o'i. Ya riƙe muƙamin Wazirin Shehu, daga baya kuma ya zama shugaban yammacin daula, wanda shari'ar da ta gagari alƙalan wannan yanki take tuƙewa gare shi. Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci a sake dubawa shi ne, mudun da ya auna wa sarakunan Gobir da na Kabi, da shi ya juyo ya auna wa jama'arsa sa'ad da mulki ya faɗo hannunsu.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Malam Abdullahi wajen shekarar 1766, watau 1180 ta Hijira, Shehu ya girme shi da kimanin shekara 12. Mahaifinsu, Malam Muhammadu Fodiyo, Bafillace ne daga cikin Toronkawa, zuriyar da ta daɗe da shahara wajen malanta, kuma a Degel ta ƙasar Gobir gidan ya zauna. A hannun mahaifinsa ya karanci Alƙur'ani, da ya kai shekara 13 aka danƙa shi ga yayansa. A wurin Shehu ya karanci Ishiriniya da waƙoƙin Larabawan dauri, da nahawu, da tauhidi, da tafsiri, da littattafan fiƙihu na farko irin su Ahalari da Ishmawi da Risala. Daga nan ya bi sauran malaman danginsu ɗaya bayan ɗaya. Ya saurari Sahihul Buhari a wurin Malam Muhammadu ɗan Raji, ya kuma ɗauki ilmin tushen fiƙihu a wurin Malam Jibrilu ɗan Umar, malamin nan da shi Shehu kansa ya yi karatu a gabansa. An san waɗannan abubuwa dalla-dalla ne domin shi da kansa ya rubuta sunayen malamansa da abin da ya karanta a wurin kowannensu cikin wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusuki.

Tun yana saurayi yake bin Shehu yawon wa'azi a ƙasashen Kabi da Zamfara. A wannan lokaci ne wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko wa Shehu da waƙar Larabci yana sukar yadda ake barin mata suna halartar wurin wa'azi. Shehu ya umarci ƙanensa ya ba da amsa. Hujjar da Abdullahi ya kafa ita ce, barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi halartarsu wurin wa'azi illa, kuma ƙa'idar shari'a ce idan cuta biyu suka haɗu a ɗauki mafi sauƙi. Yana da kimanin shekara 20 ke nan, amma tun a nan an ga irin tunanin da zai yi ta yi har ƙarshen ransa, watau ya ɗora kowace matsala a kan ƙa'ida kafin ya yanke magana.

Yana tare da Shehu a Magami wajen shekarar 1788, sa'ad da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa ranar Babbar Salla ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, ya nemi abu biyar a madadinta, a ciki har da sakin fursunoni da sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya yarda. Sarakunan da suka biyo bayansa, Nafata da Yunfa, ba su yi wa jama'ar Shehu irin wannan sassauci ba. Al'amari ya yi ta tsami har rundunar Gobir ta auka wa Gimbana, wani gari a ƙasar Kabi inda Malam Abdussalami, almajirin Shehu, yake zaune da mutanensa. Cikin watan Fabrairu na 1804 Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. A can aka yi masa mubaya'a, kuma Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. Shi ne kuma ya ja rundunar da ta karya Yunfa a Tabkin Kwatto cikin watan Yuni na wannan shekara.

Cin Birnin Kebbi da Abin da Ya Biyo Baya

Nasarar Tabkin Kwatto ba ta hana wahala zuwa ba. Kafin shekarar ta ƙare aka yi wa jama'a mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, kusa da Alkalawa, inda aka rasa kimanin mutum 2,000, a cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani wajen 200, har da alƙalin jama'a Malam Muhammadu Sambo. Ga yunwa kuma ta tsananta. Jama'a suka koma Sabon Gari ta ƙasar Zamfara, daga can ne aka shirya yaƙin Kabi.

Kabi ba ƙaramar daula ba ce. Muhammadu Kanta ne ya kafa ta cikin ƙarni na 16, ya gina Surame, ya tsaya wa Songhai da Barno. Daga baya sarakunanta suka mayar da mazauninsu Birnin Kebbi, a bakin fadamar gulbin da ake kira Gulbin Kabi, watau ruwan Rima bayan ya haɗu da na Sakkwato. Ƙasa ce ta shinkafa da kifi, kuma duk wanda yunwa ta kora ya san darajar wannan fadama. Cikin watan Afrilu na 1805 rundunar da Malam Abdullahi yake ja, tare da Sarkin Yaƙi Aliyu Jedo, ta ci Birnin Kebbi. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita da waɗanda suka bi shi. Aka naɗa wani ɗan sarautar Kabi mai suna Usman Masa, wanda ya riga ya bi jama'a. Bayan 'yan watanni Shehu ya taso da iyalinsa ya sauka Gwandu, mai nisan kimanin mil 30 gabas da birnin.

A nan ne Malam Abdullahi ya fara ganin abin da zai dame shi sauran rayuwarsa. Ganimar Birnin Kebbi ta yi yawa, rundunar kuwa ta cika da mutanen da ba su zauna gaban Shehu a Degel ba, ba su san sharuɗɗan yaƙi ba, ba su kuma damu su sani ba. Kafin shekarar ta ƙare Gobirawa da Abzinawa da Kabawa suka haɗa kai suka nufo Gwandu, Usman Masa ma ya juya baya. A kan hanyar tarbarsu sai rundunar jama'a ta washe wani gari da yake cikin amana, shugabanni suna hani ana ƙin ji. A wurin masanin fiƙihu wannan babban laifi ne, domin dukiyar wanda aka ba amana haramun ce kamar dukiyar kowane Musulmi. Da aka gamu a Alwasa, wadda take cikin ƙasar Argungu a yau, aka karya jama'a, aka kashe kimanin mutum 1,000. Abokan gaba suka biyo su har Gwandu, wadda ko ganuwar kirki ba ta da ita, da ƙyar aka kore su.

An tsira, amma waɗanda suka faɗi a Tsuntsuwa da Alwasa su ne abokan karatunsa, mutanen da suka san dalilin da ya sa aka fito. Waɗanda suka cike gurbinsu kuwa wasu irin mutane ne dabam. A cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati, wanda ya tattara waƙoƙinsa da labarin waɗannan shekaru a 1813, ya bayyana abin da ya gani ba tare da sakaya ba: neman muƙami da mulkin garuruwa, tara ƙwaraƙwarai da tufafin ado da dawakin kilisa, cin rashawa, kama 'ya'ya ana sayarwa a kasuwa da sunan bayi, da kuma mutanen da suka hau buzun alƙalanci ba su cancanta ba. Ya kamata mai karatu ya lura cewa mutanensa yake nufi, a lokacin da yaƙi bai ƙare ba, Alkalawa ma ba ta faɗi ba. Bai kuma cire kansa daga cikin zargin ba.

Tafiyarsa Kano

Wajen shekarar 1807, an fita da runduna za a tafi Alkalawa, sai Wazirin Shehu ya sulale ya bar rundunar, shi da mutum 5, ya fuskanci gabas da niyyar tafiya Makka da Madina. Mutum na biyu a daula ke nan ya bar muƙaminsa da ƙasarsa saboda ya ga ana taka dokar da aka fito tsayarwa. Akwai masu ganin wannan rauni ne, domin shugaba ba ya barin runduna a bakin daga. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai kuma da wuya a samu wani a tarihin ƙasar nan da ya mayar da babban muƙami irin wannan don kansa, ba wanda ya kore shi.

Da ya isa Kano, wadda ba ta daɗe da shiga hannun masu jihadi ba, a zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen birnin suka tare shi suka hana shi wucewa. Ya duba ya ga abin da ya gudo dominsa yana nan a wurinsu, ya kuwa gaya musu. Suka roƙe shi ya rubuta musu littafin da za su riƙa dubawa wajen hukunci. Ya zauna ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani, ya sa aka farfasa kayan kiɗan da ya tarar, har aka mayar da kwaurin ganguna wurin zuba wa dawaki abinci. Sa'an nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, watau hasken mahukunta game da abin da yake haƙƙinsu da abin da yake wajibi a kansu. Almajirai za su lura cewa harafin lodi ne a farkon sunan, wanda malaman ƙasar nan suke furtawa da lam, kamar yadda ya faru ga kalmar alƙali kanta.

Littafin ya yi magana a kan hijira, da naɗa shugaba da mataimakansa, da hukunce-hukuncen yaƙi, da siyasar shari'a, ya rufe da aikin hajji, watau ibadar da shi marubucin ya fito dominta bai samu ba. Bai ƙago sabuwar shari'a ba. Mazhabar Malikiyya ya bi, ya ɗebo daga manyan malamanta kamar Ibnu Farhun, musamman kuma daga Shehu Magili, wanda ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a kan mulki a ƙarshen ƙarni na 15. Bayan shekara 300 ke nan aka sake karanta wa masu mulkin Kano darasin da aka taɓa karanta wa magabatansu. Gwanintar Malam Abdullahi ita ce ya zaɓo daidai abin da cutar zamaninsa take bukata, ya jera shi yadda hakimi ko alƙali zai iya aiki da shi.

Shugabanci a wurinsa amana ce da masu ilmi da ra'ayi suke ɗora wa wanda ya cika sharuɗɗa, ba a gadonsa kamar gona, ba a kuma ƙwace shi da takobi. Wajibi ne shugaba ya zauna inda raunana da mata da yara za su iya isa gare shi, kada ya bar fadawa su zama katanga tsakaninsa da mai ƙara. Alƙali kuwa sai an zaɓi mai ilmi, mai adalci, wanda ba ya kwaɗayin abin hannun mutane, ya daidaita masu husuma a gabansa, babba da ƙarami. Ba a sayen muƙami. Kyautar da ake kai wa mai muƙami saboda muƙaminsa haramun ce, ko da wane suna aka kira ta, kuma kowa ya san sunan da ake kiranta da shi a ƙasar Hausa shi ne gaisuwa. Akwai kuma wata ƙa'ida da ma'aikatan gwamnati za su gane nan da nan: a ƙididdige dukiyar mutum kafin a naɗa shi, a riƙa bin sawunsa, abin da ya ƙaru ba bisa hanya ba a karɓe a mayar baitulmali. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1979 ne ya wajabta wa masu muƙami bayyana kadarorinsu, amma an rubuta wa mahukuntan Kano wannan ƙa'ida fiye da shekara 170 kafin nan.

Bayan wannan ya fasa tafiya, ya komo wurin Shehu. Alkalawa ta faɗi cikin watan Oktoba na 1808, aka kashe Yunfa. A shekarun da suka biyo baya Malam Abdullahi ya ja runduna zuwa Dandi, ya ƙetare Kwara zuwa ƙasar Gurma. Da Shehu ya koma Sifawa, shi kuma ya zauna kusa da shi a Bodinga.

Saɓaninsa da Shehu

Komowarsa ba ta sa ya sassauta ba, har ta kai ga ya saɓa wa Shehu kansa a rubuce. Shehu, da nauyin riƙe jama'a ya hau kansa, ya rubuta littattafai irin su Najmul Ihwani a 1812 yana nuna cewa inda malamai suka yi saɓani kada a tsananta wa mutane. Ya sassauta a kan wasu kaɗe-kaɗe, da sa tufafin ado ga shugabanni, da kuma kiran shugaba da laƙabin sarauta, yana ganin aikin mutum ake dubawa, suna ba ya ɓata shi. Malam Abdullahi ya bayyana nasa ra'ayin cikin Liya'us Sultani a wannan shekara. A ganinsa sunan sarauta yana tafe da halayensa, idan aka karɓi sunan da gangunan da alkyabbar, sauran ma suna nan tafe.

Mas'alar da ta fi nauyi a tsakaninsu ita ce hukuncin Musulmin da ya taimaki abokan gaba a kan jama'a. Shehu, bisa bin Magili, ya ɗauki wannan a kan kafirci. Malam Abdullahi ya ce saɓo ne babba, amma ba ya fitar da mutum daga Musulunci muddin bai halatta abin ba. Wanda bai san fiƙihu ba zai ɗauka gardamar malamai ce kawai. Alhali a kanta ne hukuncin dubban mutane ya rataya, domin a shari'ar yaƙi ta wancan zamani wanda aka yanke wa kafirci ana iya cin dukiyarsa, Musulmi mai laifi kuwa ana yaƙarsa har ya komo, amma ba a bautar da shi. Mutumin da ya fi kowa tsanani a kan ganga da rigar ado, shi ne ya fi kowa taka-tsantsan wajen halatta jinin mutum da 'yancinsa. Abin sha'awa kuma shi ne duk wannan saɓani da alƙalami aka yi shi, ƙane yana kawo hujja cikin ladabi, wa yana amsawa, ba wanda ya tuɓe wani ko ya hana karanta littafinsa.

Cikin 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa. Gabas ta zama a hannun ɗansa Muhammadu Bello, yamma a hannun Malam Abdullahi. Wannan rabo ne asalin daular Gwandu, wadda daga baya ta haɗa da Yawuri da Nupe da Ilori, ta miƙa har Sayi a Jamhuriyar Nijar ta yau da Liptako a Burkina Faso.

Ƙofar Sakkwato da Kalambaina

Shehu ya rasu a Sakkwato ran 20 ga Afrilu, 1817. Malam Abdullahi yana Bodinga. Shi ne babba a shekaru, shi ne babba a ilmi, shi ne Waziri, kuma yana da dalilin zaton za a tsaya a yi shawara da shi. Kafin ya iso an riga an yi wa Bello mubaya'a. Labarin da aka gada ya nuna cewa ya tarar da ƙofar birni a rufe, sai ya juya. Bai tara runduna ba, ko da yake yana da mabiya da ƙasa. Gwandu ya koma, ya rubuta Sabilus Salama a kan sharuɗɗan shugabanci da hanyar zaɓen shugaba, Bello kuma ya rubuta nasa littafin a kan mas'alar. Shekara uku ko fiye aka yi ba mubaya'a tsakaninsu.

Abin da ya sasanta su tawaye ne. Malam Abdussalami, mutumin Gimbana, ya yi wa Bello tawaye, aka yaƙe shi ya rasu a farkon 1818. Sauran mutanensa suka taru a Kalambaina ta kusa da Gwandu, suka gagari Malam Abdullahi. Wajen 1820 Bello ya taso da runduna ya taimaki baffansa, aka ci garin. An ruwaito cewa da suka gamu, Bello ya yi niyyar sauka daga doki domin girmama baffansa, sai Malam Abdullahi ya hana shi, ya sauka shi da kansa ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi, ya kuma amince da Giɗaɗo ɗan Laima a kan waziranci. Dattijo mai shekara fiye da 50 ke nan ya sauka wa ɗan da aka haifa a gabansa. Buhari ɗan Abdussalami kuwa ya miƙa wuya, aka bar shi ya kafa garin Jega, wadda ta zama babbar kasuwar wannan yanki.

Daga nan ya janye jikinsa daga harkar mulki, ya bar yawancinta a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, mai Tambuwal, ya koma ga karantarwa da rubutu. Littattafansa sun haura 100. Akwai babban tafsirinsa Liya'ut Tawili, wanda ya gama wajen 1816, aka buga shi a Alƙahira cikin juzu'i 4 a 1961. Da ya ga ya yi wa ɗalibai nauyi sai ya taƙaita shi cikin Kifayatu Lu'afa'is Sudan. Akwai Baharul Muhiɗi a nahawu da Hisnur Rasini a sarfu, duka a waƙe. A fannin shari'a ya ƙara da Liya'us Siyasati, ya kuma rubuta Ta'alimur Rali a kan yadda ake mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, ko ta hanyar rayar da ita da noma da gini da haƙa rijiya, ko ta hanyar yankan da shugaba ya yi wa mutum, tare da bayanin hurumin gari da makiyayar da ba a yarda wani ya mallake ta shi kaɗai ba. Duk wanda ya taɓa zama kotu a Birnin Kebbi ko Argungu da kaka, ya ji ƙarar gonar fadama ko ta burtali tsakanin manomi da makiyayi, ya san wannan littafi bai tsufa ba.

Allah ya yi masa rasuwa a Gwandu cikin shekarar 1245 ta Hijira, watau 1829, a can kuma kabarinsa yake. Allah ya jiƙansa.

Gwandu da Argungu a Bayansa

Abubuwa biyu da ya bari ba su tafi yadda ya so ba. Na farko, shi da ya ƙi laƙabin sarauta da gadon mulki, yau shi ake lissafawa Sarkin Gwandu na farko, kuma 'ya'yansa ne suka gaje shi bi da bi, Muhammadu, sa'an nan Halilu, sarautar ta zauna a zuriyarsa. Halilu dai ya ɗauko halin mahaifinsa na gudun duniya. Sa'ad da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya sauka Gwandu a 1853, Halilu bai yarda ya gana da shi ba. A wannan gari ne kuma Barth ya samu kwafin Tarihus Sudan, littafin tarihin Songhai, abin da yake nuna irin littattafan da suka taru a Gwandu.

Na biyu shi ne Kabi. Cin birni bai zama cin Kabawa ba. Muhammadu Hodi ya yi shekara 20 yana faɗa kafin a kashe shi wajen 1826. Ɗan'uwansa Karari ya tsaya a Argungu har aka kashe shi a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato. A 1849 Nabame ya komo ya ta da tutar Kabi a Argungu, kuma daga ranar Gwandu ba ta sake mallakar wannan gefen gulbi ba. Kabawa sun kashe Sarkin Gwandu Haliru, ɗan Malam Abdullahi, a Tilli cikin 1860. An samu 'yan shekarun sulhu da ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, sa'an nan aka koma fagen fama har zuwan Turawa. A farkon zamanin Turawa ne aka mayar da mazaunin Sarkin Gwandu Birnin Kebbi, birnin da kakansu ya ci a 1805, Sarkin Kabi kuwa ya ci gaba da zama Argungu. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar zumunci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa kamun kifi a Matan Fada, wanda shi ne asalin bikin da ya sa sunan Argungu ya zaga duniya. Ran 27 ga Agusta, 1991, masarautun biyu, tare da Yawuri da Zuru, suka haɗu cikin Jihar Kebbi, hedkwatarta kuma Birnin Kebbi.